ƘYANDA: MAGANIN DA KE TSARE IDON YARO DA RANSA

In ɗari ya wuce, bazara ta kama, iyaye mata a Gesheme da Fadama da Lido sun san baƙon da ke tafe. Ƙyanda ce, wadda wasu ke kira baƙon dauro. A Nijar da rani ta fi bazuwa, har zuwa faɗuwar ruwan farko. Tsakanin 2003 da 2004 ta kama mutum fiye da 10.000 a birnin Yamai kaɗai, yawancinsu yara ƙanana.

Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda cikin jiki. Amma akwai wanda ke tsare jikin yaro daga ɓarnarta. Sunansa bitamin A. Ɗan mai ne cikin kwanso ja ko shuɗi. Likita na yanke bakin kwanson, ya matsa man a bakin yaro.

YADDA ƘYANDA KE ƁARNA

Jikin mutum kamar rumbun laka yake. Da ƴan tubala anka gina shi. Tubalan nan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana na ce musu ƙwayoyin halitta. Wasu daga cikinsu sun shimfiɗu sun rufe saman ido, da maƙogwaro, da huhu, da cikin hanji. Su ne yaɓen rumbun. In yaɓe na da kyau, ruwa ba ya shiga, gara ba ta samun hanya.

Ƙwayar ƙyanda tana cikin irin da likitoci ke kira birus. Ta iska take shiga, daga tari ko atishawar wanda ya kamu. Birus ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halitta, ya tilasta mata ta yi ta haifar irinsa har ta lalace. Da farko yana faɗa wa ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Daga nan ya kai ga yaɓen huhu da ido da hanji.

Bayan kamar kwana 10 sai zazzaɓi ya taso, da tari, da majina, da jan ido. Kwana 3 ko 4 gaba ƙuraje su fito daga fuska su sauka jiki. Amma ba ƙurajen ne abin tsoro ba. Abin da ke kashe yara shi ne ciwon huhu da zawo, don yaɓe ya tsage, wasu cututtuka sun samu ƙofa.

AIKIN BITAMIN A

Jiki na ajiye bitamin A cikin hanta. Da shi yake gyaran yaɓen nan, da shi ido ke zama da laima. Zazzaɓin ƙyanda na cinye ajiyar da sauri. Ga shi yaro ba ya cin abinci, ga zawo. In ajiyar ta ƙare, saman ido ya bushe, gyambo ya fito, daga baya fari ya rufe baƙin ido. Haka yara da yawa sunka makance a ƙasashen Afirka.

Abin lura shi ne lokacin ƙyanda lokacin ƙarancin bitamin A ne. Da rani nonon shanu ya ja baya, ɗanyen ganye ya yi wuya. Yaron da ke dundumi, wanda ba ya gani da magariba, ajiyarsa ta riga ta yi ƙasa. Shi ne ƙyanda ta fi yi wa illa.

In anka ba yaro maganin, hanta ta sake cika. Ƙwayoyin da sunka ji ciwo su samu abin gyara kansu, sababbi su maye gurbin matattu. Ƙwayoyin jini masu yaƙi su ma su ƙara ƙarfi. Cutar za ta yi kwanakinta, amma ɓarnar da za ta bari ta ragu.

AN GWADA AN GANI

A 1932, a birnin Landan na ƙasar Ingila, wani likita mai suna Joseph Ellison ya duba yara 600 masu ƙyanda. Ya ba rabinsu man hantar kifi, wanda ke da bitamin A mai yawa. Cikin 300 da sunka sha, 11 sunka rasu. Cikin 300 da ba su sha ba, 26 sunka rasu.

A 1990 anka ba da labarin wani gwajin da anka yi kan yara 189 a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Yara 12 sunka rasu, 10 daga cikinsu waɗanda ba a ba maganin ba ne. Tun 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF sunka yi kira da a riƙa ba masu ƙyanda bitamin A. Nijar kuwa a 1997 ta fara raba shi ga yara a ranakun rigakafin shan inna.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da an ga zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, a kai yaro gidan likita. Kada a jira ido ya rufe. Ana ba shi maganin ranar da anka kai shi, a sake ba shi kashegari. Kwanso ja na wanda ya cika shekara 1 ne ko ya fi. Shuɗi na jariri ne mai wata 6 zuwa 11. Wanda bai kai wata 6 ba, likita ne ke auna masa. In ido ya riga ya taɓu, ana ƙara na 3 bayan ƴan makonni. Likita kan haɗa da man ido, da maganin huhu in numfashi ya yi sauri. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Kada a ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi a idon mai ƙyanda, yana ƙara gyambo. Kada a hana shi ruwa, ko nonon uwa, ko abinci. Kada a sayi kwanson a kasuwa a yi ta ba yaro, don yawansa na cutarwa. Mace mai ciki kuma ba ta shan jan kwanso.

Ko babu ciwo, yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 yana da rabon kwanso 1 kowane wata 6. Abinci ma na cika hanta. Garaken Dallol Mauri na ba da zogala da kabewa da karoti, mangwaro kuma na nuna da bazara. Makiyaya na da madara da man shanu. Ƙwai da hanta su ma suna da shi sosai. A ba ƙananan yara rabonsu, a sa ɗan mai cikin miyar ganye, don da mai jiki ke karɓar bitamin A.

Babban kariya dai ita ce shaushawa. Ana yi wa jariri ta ƙyanda in ya cika wata 9, a ƙara ta biyu bayan ya wuce shekara 1. Makiyayan da ke shirin tashi da bisashe su bi ta gidan likita na Gesheme, ko na Tibiri, ko na Dogon Dutsi, da katin yaro a hannu, kafin a kama hanya. Allah ya ba ƴaƴan karkara lafiya, amin.