Me Ya Sa Facin Tankin Ruwa Yakan Ɓamɓare?

Tankin faiba, wato wanda aka yi da zaren gilashi da gam mai suna rezin, yakan tsage ya soma yoyo. Akan yi masa faci, ba a daɗe ba facin ya ɓamɓare, sai a ce gam ɗin ne ba shi da kyau. Sau da yawa laifin yana wajen aikin ne.

Na farko, danshi da ƙura. Rezin ba ya kama wuri mai laima ko maiƙo. A zubar da ruwan, a bar tankin ya bushe sarai. A kankare bakin tsagar da samfefa mai kaushi, a goge da tsumma mai tsabta, kada a sāke taɓa wurin da hannu.

Na biyu, awo. Ruwan da ke sa rezin ya daskare kashi 2 cikin 100 ya isa, wato mililita 20 ga lita ɗaya. In ya yi yawa, gam ɗin zai yi zafi ya tsattsage. In ya kasa, ba zai yi tauri ba.

Na uku, yanayi. Zafin tsakar rana yakan daskarar da gam tun bai ratsa zaren ba, sanyin asubar hunturu kuwa yakan jinkirta shi. A yi aikin a inuwa, a danne facin har iska ta fita.

A ƙarshe, haƙuri. A bar shi kwanaki, sai warin ya tafi, a wanke tankin sosai kafin a zuba ruwan sha.