Yadda Ake Sa Manhajojin Tsaron Teku Su Fahimci Juna

Idan jirgin dakon mai ya kashe na'urarsa ta AIS da tsakar dare a Mashigin Tekun Gini, wa zai fara lura? AIS ita ce na'urar da ke shelanta sunan jirgi, tana kuma aika bayanin inda yake da saurinsa duk bayan 'yan daƙiƙu idan yana tafiya. An wajabta ta a kan jiragen da girmansu ya kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Da ta yi shiru, sai a koma ga rada ta bakin teku ko hoton tauraron ɗan'adam.

Matsalar ita ce bayanan nan ba a hannu ɗaya suke ba. A Najeriya kaɗai, sojojin ruwa na da tsarin Falcon Eye, hukumar NIMASA kuma na da cibiyarta ƙarƙashin shirin Deep Blue na 2021. Ga kuma maƙwabta, waɗanda suka amince da musayar bayanai a yarjejeniyar Yawunde ta 2013. Kowa da manhajarsa, kowa da kamfanin da ya sayar masa.

Za ka iya cewa a haɗa komai cikin babbar manhaja guda mana. To, wace rundunar soja ce za ta miƙa rumbun sirrinta ga wata hukuma, balle wata ƙasa? Shi ya sa injiniyoyi ke raba aikin zuwa ƙananan hidimomi masu cin gashin kansu. Ɗaya tana karɓar saƙon AIS, wata ta rada. Wata kuma aikinta ta gwama su, ta gane cewa ɗigon da rada ta gani shi ne jirgin da ya yi shiru ɗazu, sannan ta miƙa wa mai yin gargaɗi. Kowace hidima tana bayyana abu biyu kawai: tambayar da za ka iya yi mata, da siffar amsar da za ta ba ka. Abin da ke cikinta ba ruwanka. Don haka Kamaru na iya tambayar “ina jirgi kaza?” ta samu amsa, ba tare da ta san inda aka girke radar ba. Idan an sauya rada, hidima ɗaya za a gyara.

Amma fa akwai tsada. Kowane saƙo tsakanin hidimomi na cin lokaci, kuma jirgin sintiri da ya yi nisa yana dogara ne da intanet na tauraron ɗan'adam, mai yawan yankewa. Dole hidimomin cikinsa su iya aiki su kaɗai, su daidaita bayanai idan layi ya dawo.

A ganinmu, inda aka fi shan wuya shi ne ma'anar kalmomi. Idan wata cibiya na kiran jirgi “abin zargi” don ya yi shiru na awa ɗaya, wata kuma sai ya yi awa shida, saƙon zai isa lafiya lau, amma kwamandoji biyu za su yanke hukunci daban a kan jirgi ɗaya.