Shin Ko Kun San? Ƙudan Da Ke Sauya Gida Daga Bishiya Zuwa Bishiya

Shin ko kun san tsutsar da kuke tararwa cikin mangwaron da aka kawo kasuwar Tagriss 'yar ƙuda ce? Macen ce ke huda ɓawon da tsinin bayanta, ta zuba ƙwai a ciki. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya ruɓe! Idan tsutsar ta ƙoshi, sai ta fito, ta lanƙwashe jiki, ta yi tsalle, ta nutse cikin ƙasa. Can take rikiɗa.

To ku ji wannan. Ƙudan mangwaro na asalin Afirka, Ceratitis cosyra, gidansa na gado daniya ne. E, daniyar nan tamu mai nunu! Mangwaro baƙo ne daga Indiya. Da ya iso, ƙudan ya ɗanɗana, ya tare.

Sai ga wanda ya fi shi ci. A 2003 aka fara ganin Bactrocera dorsalis, ɗan Asiya, a Kenya. Zuwa 2004 har ya iso Benin da Senegal. Ku dubi nisan! Tsirran da yake hayayyafa a cikinsu a duniya sun haura iri 300. Mangwaro, gwaiba, lemu, gwanda, ayaba, yazawa, har kaɗanya bai bari ba. Mace guda takan zuba ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta. Inda ya sauka da damina, ɗan gida sai ya ja baya. Mangwaro ya ƙare? Ko a jikinsa. Ya koma gwaiba, ko ya laɓe a itatuwan daji har shekara ta zagayo. Shi ya sa ake ce wa mai lambu ya tsince 'ya'yan da suka faɗo, ya binne su da zurfi.

Amma wasu danginsa 'yan zaɓe ne. Dacus longistylus 'ya'yan tumfafiya yake nema, duk da farin ruwan nan nata mai guba. Carpomya kuwa magarya da kurna. Kankana da kabewa ma suna da nasu ƙudajen.

Ga na ban mamakin duka. A jihar New York ta Amurka, wajen 1860, wani ƙuda da ke rayuwa a wata bishiyar daji mai ƙaya ya koma tuffa. Tuffa na riga ta nuna da mako uku zuwa huɗu, sai jikokinsa suka koma fitowa da wuri. Yau na tuffa da na daji ba kasafai suke barbara da juna ba, masana na kallon iri ɗaya yana rabewa biyu a gaban idonsu!