Sanƙarau da almakashinsa: abin da masu bincike suka gano

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kaɗa, ƙura ta turnuƙe hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Cadawa zuwa Agye da Gazawa, sai iyaye su shiga zullumi. Lokacin sanƙarau ke nan, kuma ba ya lafawa sai ruwan sama ya sauka. Dattawa ba su manta da shekara ta 1996 ba, sa'ad da cutar ta kama mutum fiye da dubu 250 a ƙasashen Afirka, ta kashe kimanin dubu 25. A shekara ta 2015 ma ta kama wajen mutum dubu 8 da ɗari 5 a Nijar, fiye da 500 suka rasu.

Ƙwayar wannan cuta takan zauna cikin maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta kwantar da su ba. Dalili kuwa, Allah ya ajiye masu gadi cikin majinar hanci da maƙogwaro, waɗanda ake kira antikor da Faransanci. Babba daga cikinsu shi ne IgA1. Siffarsa kamar gwafa take: da rassa biyu yake cafke ƙwayar cuta, gindin kuma shi ke sa jiki ya kawar da ita.

To amma ɓarawon bai zo hannu sake ba. A shekara ta 1975, Andrew Plaut da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayar sanƙarau tana fitar da wani sinadari, furoteyaz, mai aiki kamar almakashi. Yakan datse mai gadin daidai mahaɗar rassa da gindi, ya bar shi ba ƙarfi.

Yaya ake nazarin abin da ko madubin likita ba ya nunawa? A wannan shekara dai, a birnin Kambirij na Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da antikor iri guda tak, mai gane abu guda, tamkar karen farauta da bai san ƙanshin kowace dabba ba sai ɗaya. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1984. Akan yi wa ɓera allurar sinadarin da ake nema, a ɗebi ƙwayoyin saifarsa, a haɗa su da wasu da ba su daina hayayyafa, su yi ta zubo antikor ɗin. Idan aka liƙa masa launi, duk inda almakashin yake sai launin ya tona asirinsa. Ta haka ake sanin yawansa, da kuma wurin da za a riƙe shi ya kasa yanka. Wani bincike na 1992 ya nuna cewa majinyata, har ma da masu ɗauke da ƙwayar lafiya lau, jininsu yana ƙera antikor na yaƙi da almakashin.

Wannan dabara ta iso gida. A shekara ta 2006, cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, tare da cibiyar Pasteur ta Paris, suka gabatar da ɗan tsinken gwaji mai ɗauke da irin waɗannan antikor, sai dai nasa ɓawon ƙwayar suke kamawa. A tsoma shi cikin ruwan bayan majinyaci, cikin kimanin minti 15 ya nuna ko irin A ne, ko C, ko W, ko Y.

Sanin irin shi ne rabin yaƙi, domin kowace allurar rigakafi da irin da take karewa. Allurar MenAfriVac da aka soma a 2010 ta karya lagon irin A, amma irin C ne ya yi ɓarnar 2015. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare iri 5, har da X.

Saboda haka, ɗan kasuwar Cadawa ko ma'aikacin Gidan Rumji da ya ga ɗansa da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kada ya jira gari ya waye. Idan kuma malaman likita suka nemi ɗibar ruwan baya, kada tsoro ya sa a hana su. Ɗigon nan shi ke faɗa wa hukuma allurar da za ta aiko wa gari duka. Allah ya tsare mu da zuriyarmu.