BA KOWANE CIWON GAƁOƁI NE NA TSUFA BA

Mutanen Batsari da Safana, ku lura, ciwon gaɓoɓi iri-iri ne.

Na tsufa, guringuntsin gaɓa ne ke cinyewa saboda shekaru da wahala. Gwiwa ya fi kamawa. In an wuni noma ya tsananta, in an huta ya lafa.

Akwai wani kuma, likitoci na ce masa amosanin soriyasis. Ko ɗan shekara 30 ya kan kama, don garkuwar jiki ce ke faɗa da gaɓoɓin mai ita. Mutum ya kan tashi da safe a sandare fiye da minti 30, sai ya motsa kana jiki ya sake. Yatsa guda ya kumbura dukansa, farce ya yi 'yan ramuka, fata ta yi ɓawo a gwiwar hannu ko a ka.

Wannan ɓawo ba kuturta ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa. Kada ku ware wa mai shi kwano. Kada kuma wanzami ya yi masa tsaga, sabon ɓawo kan fito a wurin.

Ku tafi asibitin Batsari ko Dutsin-ma da wuri, gaɓar da ta lalace ba ta komawa. In likita ya ba da methotrexate, sau ɗaya a mako a ke sha. Mai ciki ba ta sha.