Cinikin Mai a Bakin Daffon Hotoro

A gabashin birnin Kano, kan hanyar Maiduguri, akwai wata kasuwa wadda ba ta da rumfa ko ɗaya, domin hajarta tana cikin tankokin da suka yi jerin gwano a gefen titi, direbobi suna kishingiɗe a ƙarƙashinsu, dillalai kuwa suna kai da kawowa da takardun lodi a hannu. Ana cinikin fetur, da gas na manyan motoci da injinan niƙa, da kananzir, sai kuma baƙin mai, wato ragowar da ke kwantawa bayan an tace ɗanyen mai, wanda saboda kaurinsa sai an ɗumama shi kafin ya gudana.

Da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, wannan baƙin mai shi ne abincin tukwanen tururi na masaƙun Kakuri da masana'antun Bompai da Sharaɗa, har dubban magidanta suka dogara da shi ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Amma da matatar ta riƙa tsayawa, masaƙun kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya, sai cinikinsa ya ja baya ƙwarai, gas da kananzir da a da ke zuwa ta bututu suka koma sai an yi dakonsu daga Kudu.

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a shi ne algus, wanda malaman fiƙihu suka haɗu a kan haramcinsa. Babban ɗan kasuwa, idan tanka mai lita 33,000 ta iso masa, yakan hau kanta ya duba hatimi, ya zura sandar awo a kowane ɗaki, ya ɗibi man a kwalba ya ɗaga ga rana, ya shinshina, sa'an nan ya biya. Uwargida kuwa, wadda ke aiken yaro ya sayo mata kananzir kwalba guda a wurin 'yan bumburutu, ba ta da hanyar gane cewa an surka shi da fetur lokacin da fetur ya fi araha, sai ta ƙyasta ashana a kan risho, wuta ta tashi ta kama zanenta.