Ɗan Ƙarfen Da Ke Haɗa Taragon Jirgin Wasa

Kwanakin baya muka ci karo da taragai uku na jirgin ƙasa na wasa a cikin kayan gwanjo da aka shigo da su daga Turai. Muka taya, aka sallama, muka kai gida da murna domin a ƙara wa jirgin yara tsawo. Ƙafafunsu sun hau dogo daidai, amma da aka tura kan jirgi ya ɗauke su, sai kowa ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Kuɗi sun tafi, yara sun ɓata rai. A nan muka gane cewa ba mu duba mahaɗi ba, wato ɗan abin nan da ke gaba da bayan kowane tarago.

Abin da ya yaudare mu shi ne faɗin dogo. Jirgin wasa irin na Ingila, wanda ake kira OO, da irin na Amurka da sauran ƙasashen Turai, wanda ake kira HO, duk suna tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, ko da yake na farko an rage girman jirgin gaskiya sau 76, na biyu kuwa sau 87. To, dogo ɗaya ne, amma mahaɗi kowa da nasa.

Na Ingila, irin wanda kamfanin Hornby ke sa wa, ƙugiya ce da baka. Ƙugiyar wannan tarago ta faɗa kan bakan wancan, idan aka ja sai ta ƙara kamawa. Yana da ƙarko a hannun yara, sai dai a ganinmu muni gare shi, ga shi yana barin wawakeken fili tsakanin tarago da tarago. Kamfanonin Jamus irin su Märklin da Fleischmann, da Roco na Ostiriya, sun fito da masu matso da taragai kusa da juna, amma ba kowanne ne ke kama na wani ba.

Wanda ya fi burge mu shi ne na Amurka, saboda tarihin da ke bayansa. A da can, a jiragen gaskiya na ƙasar, sai ma'aikaci ya shiga tsakanin taragai biyu suna matsowa, ya riƙe zoben ƙarfe da hannu, ya zura ƙusa. Da yawa sun rasa yatsu, wasu ma rai. A 1873 wani mai suna Eli Janney ya yi rajistar wani mahaɗi mai kama da hannu biyu da suka sarƙe yatsu, wanda ke kulle kansa da zarar taragai sun haɗu, kuma a 1893 aka kafa dokar da ta tilasta amfani da mahaɗi mai kulle kansa. Shi kamfanin Kadee ya kwaikwaya a ƙarami. A ƙarƙashinsa akwai 'yar lanƙwasasshiyar waya. Idan jirgi ya tsaya a kan maganaɗisun da aka ajiye tsakanin dogo, aka sassauta ja, sai wayoyin su karkata gefe, taragon ya rabu ba tare da an taɓa shi ba.

Yanzu ga abin da za ku yi, ya ku masu karatu, kafin ku biya. Ku kifa taragon ku dubi cikinsa. Idan mahaɗin yana zaune ne cikin wani ɗan aljihu mai kusurwa huɗu, wanda Turawa suka daidaita da sunan NEM 362, to kun yi sa'a, domin ana zare shi a sa wani iri. Idan kuwa a jikin taragon aka ƙera shi, sai wanda ya iya hannu. Ku kuma gwada tsayi, don idan ɗaya ya fi ɗaya tudu, da an zo inda dogo bai kwanta sosai ba sai su saki juna. Taragon Märklin kuma a yi hattara da shi: ƙafafunsa na ƙarfe sukan haɗe wutar dogo biyu na sauran kamfanoni, jirgi ya tsaya cak.

Mu dai dabarar da muka yi ita ce, muka ɗauki tarago guda muka bar masa ƙugiyar Ingila a gaba, muka ɗaura masa irin ta baƙin a baya. Shi ne kullum yake bin kan jirgi, sauran ukun suna biye da shi.